Godiya ga Waɗanda Suka Halarci Zaman Wayar da Kai Kan Borin Jinin Rana

Assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan lafiya da muka shirya zaman wayar da kai kan borin jinin da hasken rana ke tayarwa, muna miƙa godiya ga mai girma mai unguwa da ya ba mu wuri, da limamanmu da suka sanar a masallatai, da matasan da suka kafa rumfa don kada masu lalurar su zauna a rana. Iyayenmu mata, tambayoyinku ne suka raya zaman. Allah ya saka da alheri.

Da yawa sun roƙi mu rubuta abin da aka faɗa don waɗanda ba su samu zuwa ba. Ga shi.

Wannan lalura ba ta da yawa, kuma lokaci ne ke tona ta. Mutum zai fita rana, cikin mintuna 5 zuwa 10 fata ta hau ƙaiƙayi da zafi, ta tashi rudu-rudu daidai inda haske ya taɓa. Idan ya koma inuwa, sai ta kwanta cikin awa ɗaya ko biyu, ba ta wuce kwana guda, ba ta barin tabo. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, kumburin za a duba. Kurjin da ya fito bayan sa'o'i ya kuma yi kwanaki, wata cuta ce daban. Haka ƙurajen zafi, gumi ne ke kawo su ko a cikin ɗaki. Magunguna irin doxycycline ma suna sa fata ta kasa jure rana, don haka a gaya wa likita duk abin da ake sha. Tunda kumburin kan ɓace kafin a isa asibiti, a ɗauki hotonsa da waya, a rubuta minti nawa aka yi a rana.

Dalilinsa kuwa, haske na sauya wani sinadari a fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, ta saki histamin (sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi), jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya taru. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne fuska da bayan hannu, da suka saba da rana, sukan fi juriya a kan kafaɗa da ƙirji da ke rufe kullum. Kuma hasken da ke tayar da shi yakan ratsa gilashin mota da taga, ya ratsa leshi da yadi mai shara-shara. Sutura mai kaurin saƙa da duhun launi ta fi, a haɗa da malafa ko lema, a rage fita daga hantsi zuwa la'asar.

Man kariya daga rana yana taimakawa, amma a nemi mai lambar SPF 50 (ma'aunin ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin man) mai ɗauke da sinadarin zinc oxide ko titanium dioxide, wanda aka sa wa launi da iron oxide ya fi tare hasken da ido ke gani. A shafa da kauri minti 20 kafin fita, a sake bayan awa 2 ko bayan alwala.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne jiran kumburi ya tashi sannan a sha magani. Cetirizine ko loratadine, miligiram 10 ga babba, kullum ake sha, kafin a fita. Likita na iya ƙarawa har ninki huɗu, amma shi kaɗai ke da wannan hukunci. Piriton na sa barci, direba da ɗan acaɓa su kiyaye. Mayukan bilicin masu sitiroyid da ake saya a kasuwa ba sa hana shi, sirantar da fata suke yi. Wanda ƙwaya ta gaza masa, likitan fata na iya saba wa fatarsa da haske kaɗan-kaɗan a asibiti, ko ya ba shi allurar omalizumab. Kada a gwada sabawar nan a gida.

Idan yawancin jiki ya sha rana, aka ga jiri, ko numfashi na sarƙewa, ko leɓe da harshe sun kumbura, ko suma, a kai mutum inuwa, a garzaya asibiti nan take, domin allurar adrenaline yake bukata.

Muna sake godiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.