Na je Dubai saro kaya, na ɓige da yawo a motar filin golf

Jama'a na dawo lafiya, gajiya dai ba a magana. Zancen Deira, unguwar kasuwannin Dubai, da lodin kaya kun riga kun san shi, ba sai na maimaita ba, abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar da mai masaukina, wani Alhaji ɗan garinmu da ya daɗe a can, ya ce in shirya bayan Asuba za mu je ƙwallon lambu, wato golf.

A hanya ya nuna min Emirates Golf Club a gefen titin Sheikh Zayed, ginin nan mai siffar tantunan Larabawan ƙauye, ya ce a 1988 aka buɗe shi, kuma shi ne filin ciyawa na farko a duk Gabas ta Tsakiya. Mu dai wani filin daban muka je. Tun a ƙofa aka ce ba jins, sai riga mai kwala, Allah ya saka wa Alhaji da alheri da ya taho min da tasa, don kuɗin riga ɗaya a shagonsu zai saya maka kusan dozin a Deira.

To sai motocin. Ƙanana ne, na batir, ba ƙara ko kaɗan, mutum biyu kacal a kowacce, jakunkunan sanduna a ɗaure a baya. A gida yaro ne zai saɓa maka jaka ku yi ta takawa a rana, wasu filayen namu ma yashi ne aka kwaɓa da mai a gurbin ciyawa. Nan kuwa ciyawar ita ce sarauniya, duk dokokin motar saboda ita ne. Ba a kusantar lallausar ciyawar da ramin zura ƙwallon yake, akwai allon kwamfuta a gabanka mai GPS, kana doso wajen motar za ta rage gudu da kanta ta fara ƙara. Kana bin siririn titin siminti sai ka zo daidai saitin ƙwallonka, sannan ka yanka kai tsaye, ka buga, ka dawo ta inda ka shiga. Har kwalbar yashi aka rataye a jikin motar, in sandarka ta ƙwaƙule ciyawa ka cike gurbin.

Wadda ta fi burge ni: in wani ya ɗaga sanda zai buga, duk motar da ke kusa tsayawa take cak, a yi tsit. Mu da ko layin gidan mai ba ma iya haƙuri da juna!

Wani abokin Alhaji da muke tare shi ya ja mana magana, ya zuro ƙafa waje tana lilo motar na tafiya. Sai ga mai sintirin filin a tasa motar, ko gaisuwa babu, ya hau shi da faɗa gaban kowa kamar ya kama ɓarawo. Gaskiyarsa ce, ƙafa na iya maƙalewa a gefen siminti ta karye, kuma motar ba ƙofa ba bel, kwana ɗaya da gudu sai ta watso mutum. Amma dattijo ne fa, da furfurarsa. Na ce Alhaji haka ake yi wa manya a nan? Ya ce "ƙyale shi ƙanena, taka birkin ajiye motar tukun, gangare ne nan ga kuma tafki a ƙasa."

Wajen goma zafi ya fara dukan ƙeya, muka haƙura a rami na tara. Kuɗin wasan Alhaji ya hana ni ganin rasit, na dai leƙa, na buga da canjin dirhami zuwa naira na yi shiru.

Washegari na ƙarasa da masu kago, na sayi dabino da turare na tsaraba. Jirgi ya yi latti, wayata kuma ba caji.