Kuɗina sun dawo cif, amma kusan rabinsu babu

Jibi zan bar Gwanzu ta ƙasar Chaina. Karatu ya ƙare, gobe zan miƙa mukullin ɗaki. Ina cikin haɗa kaya na ci karo da littafin da nake rubuta lissafin cinikin waya a ciki, tun ranar da na fara aika guda uku a jakar wani ɗan kasuwar Kwari mai komawa gida. Na zauna a kan akwati na karance shi tas, kuma shafi ɗaya ne har yau yake tsaya min a maƙogwaro.

Duk wanda ya ji ka shiga wannan harka, gargaɗinsa ɗaya ne: ka yi hattara da 'yan Chaina. Ba ƙarya suke yi ba. A kasuwar Huaqiangbei ta Shenzen za a ɗauki iPhone XR a sa mata rigar 13 Pro, sai ka shiga cikinta za ka gane. Akwai batirin da ake yi wa dabara ya nuna lafiyarsa ɗari bisa ɗari. Akwai iPhone 14 ta Amurka, wadda daga kamfani ba ta da gurbin layi, a huda ta a dasa mata. Duk na sha waɗannan a farkon shigata, amma in ka tattara asarar gaba ɗaya ba ta wuce kuɗin waya biyu ba. Dukan da ya kwantar da ni daga Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ya zo, kuma daga cikin gida.

Ɗan wan babanmu ne, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, shi ya raka ni filin jirgi ranar da zan taho. Yana da shago, ya san kwastomomi, ni kuma ina da ido a kan kaya. A watan Mayun 2023 na tura masa wayoyi 30, duk na hannu masu tsabta, na gwada su ɗaya bayan ɗaya da layina. Da kuɗin saye da na kago sun tasar min kusan dala 6,000. A ciki akwai abin da na tara na alawus ɗin karatu tun zamanin korona, akwai adashin Umma, akwai na wani abokina ɗan Zinder da muke ɗaki ɗaya. Lokacin dala tana wajen naira 750 a Wapa, wato jarin ya kama naira miliyan 4.5. Muka yi magana ta waya ya saya gaba ɗaya a miliyan 5.4, zai biya cikin wata guda. Ban rubuta ba, ban sa shaida ba. Wa zai ce wa yayansa ya sa hannu a takarda?

Kaya suna isa aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Wata ya cika, na kira shi.

"Yaya, ya ake ciki da maganar nan?"

"Ƙanena, kasuwa ta tsaya cak. Mutane ta abinci suke yi. Ka ƙara min haƙuri."

Na yi haƙuri. Ya turo dubu ɗari biyar, bayan makonni ya ƙara wata ɗari huɗu. A watan Satumba dala ta taɓa naira 1,000. Kullum da safe kafin in wanke fuska sai na duba farashi, ina kallon kuɗina suna narkewa kamar ƙanƙara a rana, kuma ba ni da bakin magana, domin duk lokacin da na ɗan matsa sai maganar ta je kunnen Umma. Ita kuma ta kira ni: "Kai da ɗan'uwanka? Kada in ji abin duniya ya shiga tsakaninku." Ta manta har da kuɗinta a ciki, ko kuma ba ta manta ba, ta zaɓi zumunci ne.

Sai daga baya wani yaron shagon da ke kusa da nasa ya faɗa min, ba da wata manufa ba, cewa wayoyina sun ƙare tun kafin Agusta. Ashe duk sanda dala ta motsa yana ɗaga farashinsu, kamar yadda kowa yake yi a kasuwar, sannan ya juya kuɗin ya sari wasu kayan daga Legas. Da jarina ya yi ta cin kasuwa wata da watanni.

Ragowar naira miliyan 4.5 ya biya ni a Fabrairun 2024, a daidai makonnin da dala ta haura 1,800. Ya turo da saƙo: "Alhamdulillahi na sauke nauyi, ko kwabo ba ka bi na." Kuma gaskiyarsa ce. Miliyan 5.4 muka yi, miliyan 5.4 ya bayar. Da na mayar da su kuɗin da nake sayayya da shi, duka-duka ba su kai dala 3,800 ba. Ɗan Zinder kuwa sefa ya ba ni, sefa zan mayar masa, ita kuma ba ta bi naira rami ba. Wata biyar na yi ina koyar da yaran wani ɗan kasuwa karatu da daddare kafin na cike masa nasa.

Na kai maganar gaban wani malami da muke sallar Juma'a tare, ina fatan ya ce ina da haƙƙi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni abu ɗaya: sayar masa ka yi, ko ba shi ka yi ya sayar maka? Na ce sayar masa na yi. Ya ce to bashin naira ne, da naira ake biya, jinkirin da ya yi alhali yana da hali shi da Allah, amma ƙari ba naka ba ne. Da wakilci muka yi, ya sayar a farashin ranar ya cire la'adarsa, da duk tashin nan ni zan ci. Kalma ɗaya ce tsakanin biyun, kuma ni na zaɓe ta da bakina, saboda ina gudun a ce ina bin yayana da lissafin waya ɗaya-ɗaya.

Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne a kan wannan. Android ɗin da aka yi don kasuwar Chaina ba ta zuwa da Play Store, kuma mai saye a Kano ba zai tsaya jin bayani ba. Kada ka sayi waya mai kulle don araharta. Ɗan kago da ya fi kowa sauƙin kilo, tambayi wanda ya taɓa ɓatar wa kaya. Ka ɗauki hoton IMEI, wato lambar shaidar kowace waya, kafin ka naɗe ta, domin wata rana za a dawo maka da wadda ba taka ba a ce ta lalace.

Ban daina harkar ba. Na koma turawa biyar-biyar ga wani mutumin Beirut Road da ba mu haɗa ko unguwa ba. Farashi da dala, biya kafin kaya su tashi, kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba. A hankali na mayar wa Umma adashinta har da ɗan abin goro, ba ta san daga inda ya fito ba.

Shekaranjiya Yaya ya turo saƙon murya. Ya ji zan dawo, yana so in riƙo masa guda goma a jakar hannu, in na iso sai mu yi lissafi. Na tura masa farashin da dala da lambar asusu, na gaishe da iyali. Alamar ta nuna ya buɗe saƙon tun jiya da azahar.