Awon kifin gita a bakin tekun Jamestown da Chorkor

Aikina shi ne auna kifin gita da masunta ke saukewa daga kwalekwale a Jamestown da Chorkor, unguwannin bakin teku a Accra, babban birnin Ghana, ba nisa da mu a Sabon Zango. Kifi ne mai faffaɗan kai da tsinin hanci, jikinsa ta baya kamar na shak. Nau'in da na fi bi shi ne Glaucostegus cemiculus, wanda IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa cikin masu gab da ƙarewa. A 2019 CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, ta sa wa cinikinsa tsakanin ƙasashe takunkumin izini.

Sammako shi ne rabin aikin. Da kifin ya sauka ake yanke fikafikansa, don su ne masu tsada, naman kuma mata su sa masa gishiri a yi kako. In aka yanke, awon ya lalace. Ranar Talata kada ka wahalar da kanka, ba a shiga teku.

Ina shimfiɗa shi a kan cikinsa, in ja tef daga tsinin hanci zuwa ƙarshen wutsiya, a miƙe. Tef ɗin tela yana bin lanƙwasar baya, sai ya ƙara tsawon da babu shi, don haka a ƙasa nake ajiye tef, kifin a kai. Sai in juya shi. Namiji yana da gaɓoɓi biyu kamar yatsu a gindin wutsiya. In sun yi tauri ya balaga, in suna lanƙwashewa yaro ne. Hoto biyu nake ɗauka, saman kai da ƙasan hanci, domin baƙin tabon da ke ƙasan hancin yana taimakawa wajen raba shi da ɗan uwansa Rhinobatos rhinobatos. Tabon kan dushe a manya, shi ya sa hoton sama ya zama dole.

Matan kifin ne abin damuwa. Ba ƙwai suke zubawa ba, haihuwa suke yi, 'ya'ya kaɗan, kuma ruwa marar zurfi suke matsowa su haihu, daidai inda ake kafa raga. Mace ɗaya mai ciki ta mutu, da 'ya'yanta ta tafi.

In an samu mai rai za a sake shi, a yanke zaren ragar maimakon fizga, a tallabe shi da hannu biyu, ba ta wutsiya ba. Kada a tura yatsa cikin ramukan bayan idonsa, ta nan yake jan ruwan numfashi. Kuma kafin ka taɓa kifin kowa, gaida mai kwalekwale ka nemi izini, in ba haka ba gobe zai ɓoye maka.