Ina aka dasa kamera? Abin da nake kallo cikin kilip ɗin ƴan rock

Mafi yawanmu nan Yamai ba mu jin Ingilishi, a lekol Faransanci aka koya mana, shi ma ɗin wani ya kama wani ya saki. To ni wannan rashin jin riba na ɗauke shi wajen kallon kilip, don wanda bai jin abin da mawaƙi ke faɗi dole idonshi ya yi mishi aikin kunne. Sana'ata montaj ce, bidiyon aure da suna, da ɗan kilip na yaran unguwa in Allah ya kawo, shi ya sa in na zauna kallo tambayar da nake fara yi ita ce ina aka dasa kamera, kuma ni mai kallo wane ne aka maida ni cikin labarin.

Kiɗan da nake nufi shi ne wanda suke ce ma alternative rock, na ƴan gitar Amurka da Ingila da suka yi tashe cikin shekarun 1990, irin su Nirvana da Radiohead da R.E.M. Tashar MTV da aka buɗe a 1981 ita ta maida kilip kasuwa, waƙar da ba ta da hoto da wuya ta yi nisa, sai kamfanonin faifai suka shiga zuba kuɗi suna ba matasan daraktoci dama su gwada haukarsu. Da yawa shirme ne, kar wani ya ruɗe ku. Amma akwai ƴan kaɗan da har gobe in na kalla sai na aje kofin shayi.

Na gaban goshina shi ne Karma Police na Radiohead, 1997, Jonathan Glazer ya yi shi. Dare ne, tsohuwar mota babba mai jan kujeru tana tafiya bisa gudron, babu gari babu fitila sai hasken motar, can gaba wani mutum yana gudu motar na biye da shi a hankali, ba ta kaɗe shi ba kuma ba ta ƙyale shi ba. Mawaƙin Thom Yorke yana kujerar baya a zube, wani lokaci ma ko bakin bai motsawa da waƙar. To wa ke tuƙi? Ba a nuna kowa ba, don kamerar ce zaune a mazaunin direba, ita ke duban hanya ita ke waigowa baya, kenan kai da ke riƙe da portabul kana kallo kai ne direban, kai ke korar bawan Allah nan kuma ba wanda ya tambaye ka ko ka yarda. Mutumin ya gaji ya faɗi, mota ta ja da baya kamar za ta ɗauko gudu ta take shi, sai ya lura esansi na zuba daga ƙarƙashinta ya yi layi a kan hanya, ya laluba aljihu ya samu ashana ya ƙyasta. Daga nan labari ya juya, wuta ke bin mota, mota na gudu da baya, kuma da wutar ta cim mata kamera ta waiga kujerar baya ba kowa, mawaƙin ya ɓace ya bar ka kai kaɗai cikin motar da ke ci. Wallahi da a ce daga gefen hanya aka ɗauki wannan abu, da ɗan fim ne kawai na mugu da wanda aka zalunta, ka kalla ka ce Allah sarki ka wuce. Mazaunin da aka ba ka shi ya hana ka wanke hannunka. Glazer ɗin nan kuwa bai bar halinshi ba, fim ɗinshi The Zone of Interest da ya ci Oscar a 2024 labarin iyalin kwamandan Auschwitz ne, sansanin da ƴan Nazi suka hallaka mutane lokacin yaƙin duniya na biyu, kamera na gidansu da lambunsu, abin da ake yi bayan katanga sai dai ka ji da kunne.

No Surprises kuma, su Radiohead ɗin dai, Grant Gee ya ɗauka, nan kamerar ko motsi ba ta yi. Fuskar Yorke ce cike da allo, kanshi cikin wani ƙoƙon gilas irin na masu zuwa sararin samaniya, kalmomin waƙar na hawa a jikin gilas ɗin a juye, kiɗan kuma mai sanyi irin na lallashin jariri. Sai ruwa ya fara tasowa daga wuya, ya zo haɓa, yana ɗaga kai yana waƙa har ruwan ya rufe shi ruf, kusan minti guda yana ciki ido buɗe. Duk wanda na nuna ma wannan a fada sai na ga shi ma ya riƙe numfashi bai sani ba. Akwai dabara ciki, wurin nutsewar sun ɗauka da sauri ne suka rage gudun hoton daga baya don ya yi tsawo, amma abin da ya sa yake aiki shi ne ba a yanka ba. Mu masu montaj mun san yanka hutu ne, duk sanda ka canza hoto ka ba mai kallo iska ya shaƙa, to nan an hana shi. Waƙa na cewa a kwantar da hankali hoto na nuna mutum na nutsewa, ko ba ka jin kalma ɗaya ka gane rayuwar da ake nufi, irin ta wanda ke cewa lafiya lau alhali ruwa ya kai mishi wuya.

Wani salon kuma ɓoyewa ne. A kilip ɗin Just na Radiohead, 1995, wanda Jamie Thraves ya yi, wani mutum cikin kwat ya kwanta a gefen titi haka kawai, jama'a suka taru suna tambayarshi lafiya, maganarsu na fitowa a rubuce ƙasan allo, su mawaƙan suna sama suna leƙowa ta taga. Ya ƙi faɗi, aka matsa mishi, ya ce to zai faɗa, daidai nan rubutun ya ɗauke, kamera ta matso bakinshi yana motsi ba ka san me ya ce ba, hoto na gaba daga sama aka ɗauko shi, duk taron nan sun bi shi sun kwanta. Shekara kusan talatin kenan mutane na gardama a intanet kan abin da ya faɗa. Ni ban damu in sani ba, duk jimlar da za a rubuta a wurin nan ba za ta kai girman wadda kowa ke ƙagawa cikin kanshi ba.

Bitter Sweet Symphony na The Verve, 1997, ba zan daɗe kanshi ba. Mawaƙinsu Richard Ashcroft na tafiya a titin Hoxton na Landan yana bangaje mutane bai ko waiga, har bisa mota ya taka ya wuce, kamera na gabanshi tana ja da baya, kenan kai ma kaucewa kake yi. Dabarar ta yi, amma ni duk sanda ya ture matar nan ta faɗi raina ɓaci yake, a kasuwar Katako ta nan Yamai ka gwada haka ba za ka kai ƙarshen layin ƴan katako da haƙoranka cikakku ba.

Sai maganar launi, wadda nan ne yaranmu suka fi ɓata aiki. Smells Like Teen Spirit na Nirvana, 1991, Samuel Bayer ya yi shi, filin wasan makaranta ne cikin ɗaki, hayaƙi ko'ina, launin duk ya koma ruwan ƙasa da rawaya kamar tsohon hoto, hasken daga baya yake zuwa shi ya sa fuskar mawaƙin Kurt Cobain rabin lokaci gashi da inuwa sun rufe ta. A zamanin da kowane tauraro ke so a haska shi tas, ƙin nuna fuska kanshi magana ce. Ga wani tsoho mai shara yana rangaji da sandar gogenshi, ga ɗalibai da suka fara a zaune tsaf suka ƙare da watsa wurin, kuma hargitsin nan ba duka wasa ba ne, matasan da aka tara sun gaji da zaman awoyi ne aka sake su. Black Hole Sun na Soundgarden, 1994, ya bi ta ɗaya hanyar, sama shuɗi ƙal, ciyawa kore shar, unguwar masu hali kowa na murmushi, sai aka ja bakunan da idanun da ordinatar har murmushin ya koma abin tsoro. Jan fuskar ya tsufa gaskiya, yau ƙaramin yaro zai yi shi da filta a waya, amma tunanin cewa launi mai yawa na iya zama ƙarya bai tsufa ba. Abin da ke ba ni haushi, launin da Bayer ya sha wahala da hayaƙi da fitilu ya samu, mu kyauta muke samunshi duk lokacin hazo, ka tsaya gadar Kennedy da la'asar cikin watan Janairu ka gani, amma sai yaro ya kawo mini hoton ya ce grand don Allah a goge ƙurar nan a sa ya yi kamar Dubai.

Kada a ce sai da miliyoyi. Michel Gondry a The Hardest Button to Button na White Stripes, 2003, ganguna iri ɗaya saiti 32 ya tara da amfuli 32, duk bugu ɗaya sai a ƙara saiti ɗaya a gusa gaba, haka suka bi tituna da tashar jirgin ƙasa ta New York, idonka na ganin kiɗan yana tafiya. Kayan da tsada, naam, amma dabarar kanta tsayar da kamera ce da yanka daidai kan bugu, wanda ke da kujerun roba na haya da mai kalangu ɗaya zai iya gwada irinta a tsakar gida. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu, Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan ƙasarmu da ya zauna Tahoua har shekarunshi na ƙarshe, ya rasu a 2015, tun shekarun 1960 yake motsa zane da ƴan tsana hoto bayan hoto da kayan da bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ma rock ɗin ya zo gida, ko in ce gida ya je wurinshi. Mdou Moctar ɗan jihar Tahoua ne, waƙoƙinshi ta kart memwar da Bluetooth suka fara yawo, ga shi Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024 duk Matador ta fitar, kamfanin da ya fitar da su Pavement da Interpol. Bombino na Agadez kuma Dan Auerbach na Black Keys ne ya haɗa mishi faifan Nomad a 2013. To tambayar kamera nan ta fi ciwo, don sau da yawa in baƙo ya zo ɗaukar masu gitarmu abin da yake nema tudun rairayi ne da raƙumi da rawani da faɗuwar rana, hoton da kyau ba musu, amma mazaunin da aka ba mai kallo na ɗan yawon buɗe ido ne, ni da ke nan sai in ji an maida ni baƙo a ƙasata. Mu kuma namu kilip ɗin na Yamai dron ne sama, motar aro ƙasa, a canza shadda sau biyar, kamera na ta shawagi ba ta san wurin wa ta tsaya ba.

Akwai wani yaro mai gita a Harobanda da ke ta bina in yi mishi kilip, waƙar kan mahaifinshi ce da ya tafi ci-rani Libiya bai dawo ba. Na ce mishi sharaɗina ɗaya, ba dron, kamerar za a ɗaure ta ne a kurar mai ga-ruwa tana kallon mai turawa, daga famfo har ƙofar gidajen da yake kai ruwa, shi mawaƙin sai dai a gan shi yana wucewa ta baya in an gan shi ma. Ya ce to shi a ina masoyanshi za su ga sabuwar gitar da ya sawo. Muna nan muna ja, mai ga-ruwan dai ya riga ya faɗi kuɗinshi, kuma ya ce sai bayan azahar in ya gama da kwastomominshi.