Kar ka ce sai ka tara kafin ka leƙa gida

Ƙannena da ke shirin fita waje, da ku da kuka riga kuka fita, dan Allah ku ba ni aron kunnenku. Shekarun baya ina aikin kula da tsofaffi a arewacin Landan aka haɗa ni da wani dattijo ɗan Ayalan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila mai babban birni Dublin. Ya haura tamanin, ido ya yi rauni, ɗaki ɗaya yake zaune shi kaɗai, kuma duk zaman da na yi da shi ban taɓa ganin wani nashi ya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Mutumin yankin Mayo ne. A 1956 ya baro gida yana ɗan sha tara, don gonar ƙarama ce kuma ɗa ɗaya ake barwa, sauran kowa sai ya nemi inda zai sa kansa. Jirgin ruwa daga Dún Laoghaire kusa da Dublin zuwa Holyhead a gaɓar Birtaniya, daga nan jirgin ƙasa na dare har tashar Euston a Landan, hanyar da dubun dubatar 'yan ƙasarsu suka bi kenan a shekarun 1950, har sai da mutanen Jamhuriyar Ayalan suka ragu zuwa miliyan 2.8 a ƙidayar 1961. Dama su fita ta zame musu gado tun yunwar 1845 da ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya, a da ma in yaro zai tafi Amurka daren tafiyar kamar zaman makoki ake yi masa tun yana raye, don an san da wuya a sake ganinsa.

Aikin lebura ya yi, haƙar rami da gini. Asubar fari su tsaya bakin titi a unguwar Cricklewood ta Landan cikin sanyi mota ta zo a zaɓi masu ƙarfi, a biya su a hannu ba takarda ba komai, shi ya sa da tsufa ya zo babu wani fanshon kirki. Duk ƙarshen sati yana zuwa gidan waya ya aika wa mahaifiyarsa kuɗi, shekara da shekaru bai fasa ba, har ranar da ya ji ciwo a baya aiki ya tsaya. Wata ɗaya bai aika ba sai kunya ta hana shi rubuta wasiƙa, yace bari in samu sai in haɗa duka, wata ya zama shekara, ga giya ta shigo, ya canza masauki bai faɗa wa kowa ba. Da ta rasu tsohon adireshi aka aika saƙon, a bakin wani ɗan garinsu ya ji bayan an binne ta da makonni. Tun daga nan bai sake taka ƙasar ba, alhali tsallaka ruwan bai kai awa huɗu ba.

Wasiƙunta suna cikin wani gwangwanin biskit ƙarƙashin gado, takardun sun yi laushi saboda naɗewa da warewa, ni nake karanta masa. Wallahi na karanta su kaf ban ga inda ta tambayi kuɗi ba. Kana da rigar sanyi? Kana zuwa coci? Saniya ta haihu. Yaushe za ka zo? Shi kenan.

Toh ga laifina, kuma shi ya sa nake wannan rubutun. Lokacin da nake karanta masa wasiƙun nan ni ma shekarata shida rabona da gida. An rage min awowin aiki, sabunta biza ya cinye abin da na tara, ginin da na fara ya tsaya iya linta, sai na daina ɗaga waya, duk kiran da ya shigo WhatsApp daga gida gabana sai ya faɗi in ce roƙo ne. Baba ya turo saƙon murya ban buɗe ba, na ce sai albashi ya shigo in tura sannan in kira da fuskata. Ina ganin dattijon nan yana share hawaye amma a raina ina cewa ai ni nawa daban ne, ni ba na sha, ni zan koma da mota da tsarabar kowa da kowa. Kullum badi. Ranar wata Talata ina kan aiki Yaya ya kira sau tara, kafin in fito in duba har an kai Baba makwancinsa, kun san mu ba a jira.

Don haka ƙanena, ka ware rana ɗaya a sati ta kiran iyaye, da kuɗi ko babu, kuma in babu ka buɗe baki ka ce Umma wannan watan babu, ba za ta tsine maka ba addu'a za ta ƙara maka. Kuɗin tikiti ka fara ajiye shi kafin bulo, gini zai jira ka amma tsoho ba shi da wannan alƙawarin. In ka canza gida ko lamba a ranar ka sanar, ka kuma ba su lambar wani abokinka da zai iya zuwa ya same ka. Maganar mutanen unguwa ta ya dawo hannu rabbana kuwa, kwana uku za a yi a manta, ni ita ta riƙe ni shekara shida kuma ba wanda ya zo ya ɗauke min ko kaɗan daga abin da nake ji yanzu.

A Landan akwai wata ƙungiya Aisling da tun 1994 take kai irin waɗannan tsofaffin ziyara Ayalan, na yi ta lallashinsa ya bi su, yace wa zai je ya tarar. Ni na je bayan sadakar arba'in da jaka ɗaya, Umma ta riƙe hannuna ta ƙi saki har aka kira magariba. Saƙon Baba sai a daren na iya buɗewa, ina zaune kan buzunsa. Bai kai minti ɗaya ba, ya gaishe ni, ya tambayi sanyi, yace kwana biyu bai ji muryata ba, in na samu sarari in kira ko gaisawa ce mu yi.