Ɓera ya sa na sayi koyil ɗin da ban buƙata ba

Wallahi har yau in na tuna ranar Alhamis ɗin nan sai raina ya ɓaci. Tun daren Laraba na yi lodin buhunan riɗi zan kai kasuwar Maigatari, da asuba bayan an idar da sallah na murɗa makulli, Golf ɗina tana kik lafiya lau batir da ƙarfinsa amma fur ta ƙi kamawa. Mai kam akwai, har warinsa nake ji. Na cire fulogi ɗaya na maƙala masa wayarsa na kwantar da shi jikin inji, ƙanina ya yi kik, ko ƙyas babu. Na zare babbar wayar nan da ke tahowa daga koyil zuwa tsakiyar disiributa, wato abin da ke rarraba wuta ga fulogogi, na riƙe ta da filaya mai roba kusa da ƙarfe, nan ma shiru.

To a nan na tafka kuskuren. Tunda koyil shi ke ɗaga wutar batir daga volt 12 zuwa dubbai har ta yi tartsatsi a bakin fulogi, sai kawai na ce koyil ya ƙone, ban gwada komai ba. Na tura kuɗi Kano wajen wani ɗan uwana ya sayo min a Ƙofar Ruwa, kuɗin da na ware na taki ne fa, ya ba direba sai Asabar ya iso, kasuwa kuma ta riga ta ci ta watse. Na ɗaura sabo hannuna har rawa yake. Shiru dai.

Dole na kira wani yaro mai wayarin daga Gumel, ya zo a babur ba shi da komai sai sukudireba da ɗan ƙwan fitila mai wayoyi biyu. Ya ce in buɗe makulli, ya taɓa wayar da ke kawo wa koyil wuta, ƙwan ya kama. Ya koma kan wayar sigina ya ce yi kik, babu ko alamar ƙiftawa. Sai ya ce min "Yaya ai koyil ba ya tartsatsi don kansa, sai na'urar cikin disiributa ta gaya masa lokaci, taka kuwa ba ta magana." Ya bi siraran wayoyi uku da ke fitowa daga gefen disiributa da hannu yana shafawa, can ƙasa inda ido ba ya kai wa ashe ɓera ya gwigwiye biyu, har ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi ya tara a wajen. Kwana huɗu motar na ajiye gindin rumbu, ni ko a raina.

Ya haɗa ya naɗe da salatif, minti goma bai cika ba. Na ce don Allah mayar min da tsohon koyil ɗin in gani, ya mayar, kik ɗaya ta tashi. Nan ne abin ya fi min ciwo, kuɗin taki ya tafi a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Don Allah in taka ta ɗauke wuta kada ka sayi komai sai ka duba fiyus, ka ga wuta na isa koyil, ka ga sigina na zuwa, ka shafa wayoyin da hannunka musamman mu na ƙauye da kaka in an shigo da amfani. Sabon koyil yana nan cikin kwalinsa, mai shagon ya ce kayan wuta in an ɗaura ba a dawowa da su. Motar kuma yanzu bakin masallaci take kwana, nesa da rumbu, ƙwan gwaji na cikin aljihun gaba.