Inda Na Kai a Neman Kakan Kakan Maiɗakina

'Yan uwa masu bin salsala, sallama. Wata huɗu ke nan ina bin sawun kakan kakan maiɗakina, baƙar fatar Amurka ce, asalinsu jihar Karolina ta Kudu. Don 'ya'yanmu nake yi, su san dangin uwa kamar yadda suka san na uba.

Daga ƙidayar jama'ar Amurka ta 1950 na faro, ina komawa baya shekara goma-goma a FamilySearch, shafin intanet na binciken zuriya, tunda kyauta ne. Ta 1900 ta ba ni wata da shekarar haihuwarsa. Ta 1890 kuwa kada ku ɓata lokaci a kanta, gobarar 1921 a Washinton ta lalata kusan dukkanta. Na tsallaka zuwa 1880, wadda ta fara nuna dangantakar kowa da maigida. Can na gan shi da matarsa da 'ya'ya uku, sai dai malamin ƙidaya ya rubuta sunan gidan yadda kunnensa ya ji, shekarun ma sun sha bamban da na 1900. Sunayen yaran ne suka tabbatar mini shi ne.

A 1870 tafiya ta tsaya. Ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Da na buɗe jerin bayi na 1860, sunan ubangida kawai na tarar a sama, a ƙasa kuma shekaru, namiji ko mace, da launin fata. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, babu suna. Na daɗe ina kallon layin nan, kuma ban sa shi a bishiyar zuriya ba, domin zato ba hujja ba ne.

Abin da ya buɗe mini ƙofa shi ne rajistar bankin 'yantattun bayi, wanda ya yi aiki daga 1865 zuwa 1874. Mai buɗe asusu yakan faɗi inda aka haife shi da sunayen iyaye da 'yan uwansa. A reshen Charleston, birni a Karolina ta Kudu, na sami katinsa, ga sunan mahaifiyarsa da na ƙannensa biyu. Da na karanta wa maiɗakina sai da ta yi hawaye, ɗaya daga cikin sunayen ne ake kiran gwaggonta da shi.

Yanzu takardun rabon gado na kotun gundumar nake nema, domin a cikinsu akan lissafa bayi da suna tare da dukiyar mamaci. Wanda ya saba karanta rubutun hannu na wancan zamani, don Allah ya taimaka mini da dabara.